Wuni Ɗaya na Kallon Tsuntsaye a Gaɓar Norfolk da Hunturu

Gaɓar da ake magana a kanta tana gabashin Ingila, a gundumar Norfolk, daga Snettisham da ke bakin babban mashigin tekun da ake kira Wash, zuwa Titchwell da ke fuskantar arewa. Tazarar wuraren biyu ba ta kai kilomita 20 ba a kan titin A149. Ga lamarin da za a duba: mutum huɗu, mota ɗaya, sun kwana a garin King's Lynn, suna da wuni guda a tsakiyar Janairu. Abu uku suke so su gani: tashin dinyoyi da sassafe, taron tsuntsayen taɓo idan teku ya cika, da dawowar shahunan fadama makwancinsu gab da magariba. A baki abin kamar wasa. Amma yawancin masu komawa gida hannu Rabbana tun a wajen zaɓen ranar suke yin ɓatan kai, makonni kafin su tayar da mota.

Zaɓen ranar

Wash fili ne na laka da rairayi da ya haura hekta 60,000, inda koguna huɗu ke zubewa: Witham, Welland, Nene da Great Ouse. A shimfiɗe yake kamar faifai. Ruwa na cika ya janye kusan sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, don haka lokacin yana matsawa gaba kullum. A kwanakin babbar cika, bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa ya wuce mita 6. A sauran kwanaki ruwan ba ya rufe lakar duka, tsuntsaye sai su tsaya can nesa a bakin ruwa, kamar zaren toka da aka ja a ƙarshen gani. Sai ruwa ya cinye lakar ƙarƙaf sannan dole ta sa su tashi su tsallako tudun tsakuwa zuwa kududdufan da ke bayansa. Kududdufan nan ramukan haƙar tsakuwa ne na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ke kula da wurin tun 1972.

Babbar cika tana bin wata ne. Wanda ya saba lissafin watan Musulunci ya fi mai kalandar bature saurin gane ta: tana faɗowa wajen 1 zuwa 3 ga wata, sai kuma wajen 15 zuwa 17. Ke nan dama biyu a kowane wata. To amma dinyoyin su ne ke soke ɗaya. Dinya mai ƙafa ruwan hoda tana hayayyafa a Aislan da gabashin Girinlan, ta zo Birtaniya cin hunturu. Da rana tana gonaki tana cin ragowar ganye da gutsattsarin dankalin sukari, wata farar saiwa da manoman Norfolk ke nomawa ana kai wa masana'antun sukari irin ta Wissington. Da dare sai ta koma kan lakar Wash ta kwana, inda dila ba ya iya yi mata sanɗa. Idan akwai farin wata kuwa, tana ganin abokin gaba daga nesa, sai ta ƙi dawowa, ta kwana tana kiwo a gona. Wanda ya je kwana uku ko huɗu kafin wata ya cika ko bayan cikarsa yana iya tsayuwar awa biyu cikin sanyi bai ga komai ba sai 'yan tsiraru. Saura cikar farkon wata kaɗai, lokacin duhu.

Sai kuma haske ya zo ya rage abin da ya saura. A wannan gaɓa babbar cika kullum da sassafe take zuwa, sai kuma takwararta da daddare. A tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kuma gari ba ya wayewa yadda ido zai bambance tsuntsu sai wajen 7:20. Ranar da ruwa ya fi kowace rana tsayi sau da yawa cikarsa na riga haske. Dabarar ita ce a ɗauki kwana ɗaya ko biyu bayanta, lokacin da cikar ta matsa zuwa tsakanin 8 da 9 amma ruwan bai ragu sosai ba. Dinyoyi sun fi yawa daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Idan aka haɗa sharuɗɗan uku, wato duhun wata da tsayin ruwa da haske, ranakun da suka rage a hunturu guda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. RSPB na fitar da jadawalin cikar ruwa na Snettisham kowace shekara, da shi ake farawa, kuma a duba tun da wuri ko ranar na buƙatar kama wurin ajiye mota.

A ce jadawalin ya nuna cika da ƙarfe 8:20. Lissafi daga baya ake yin sa. Ana so a kasance a kan tudun awa ɗaya da rabi kafin cika, wato 6:50. Daga wurin ajiye motoci zuwa inda ake tsayawa tafiyar ƙafa ce ta kimanin kilomita 2, cikin duhu da caɓi, ɗauke da kaya. A ba ta minti 40. Ke nan a rufe mota da 6:10, a bar King's Lynn da 5:40. Duk wanda ya ce bari a tsaya shan shayi a masauki ya riga ya ci daga cikin dinyoyinsa.

Kaya

Ma'aunin zafi kan tsaya tsakanin digiri 1 da 7, wanda a ji ba wani abin tsoro ba ne. Abin da ke karya mutum shi ne tsayuwa wuri ɗaya a kan tsakuwa mai sanyi, iska na kaɗowa daga teku babu abin da ya tare ta. Tafiyar minti 40 na sa gumi, singiletin auduga ya sha gumin ya riƙe, da an tsaya sai ya koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a baya. Shi ya sa rigar ciki ta zama ta ulu ko ta roba, a yi tafiyar da babbar riga a buɗe, a zuge ta bayan an isa. Safa biyu a cikin matsattsen takalmi sun fi safa ɗaya sanyi, domin jini ba ya zagayawa. Safar hannu siririya a ciki, mai kauri a waje, don a iya murza madubi ba a tuɓe hannu tsirara ba. Fulas ɗin shayi na kowa daban, don babu mai sayar da komai a kan tudun.

Madubin hangen nesa na hannu mai lamba 8x42 shi ya dace da asuba. Idan aka raba 42 da 8 za a sami kusan milimita 5, faɗin hasken da ke isa ido ke nan. Ƙaramin madubin aljihu mai 10x25 milimita 2.5 kawai yake bayarwa, ba shi da amfani sai rana ta ɗaga. Babban madubi mai ƙafa uku guda ɗaya ya ishi mutum huɗu. A bar shi a kan ninki 20 zuwa 30. Murza shi zuwa 60 cikin iska ba ya ƙara komai sai rawar hoto. Kada a zare sandar tsakiya, a rage tsawon ƙafafun, a rataya jaka a ƙasa don nauyi. Fensir ake rubutu da shi, biro kan daskare ko ya ƙi kama takarda mai laima. Waya da batirin kyamara su zauna a aljihun ciki, kusa da jiki, don sanyi na zuƙe caji. Tocila kuma a haska ƙasa da ita, a kashe da zarar an hau tudu.

A kan tudun Snettisham

Kunne ne ke fara aiki. Tun cikin duhu ake jin gunagunin dubban dinyoyi daga can cikin laka, yana ƙaruwa yayin da gabas ke yin ja. Ba sa tashi gaba ɗaya. Garke-garke suke ɗagawa, kowanne ya ja layi ya bi ta saman kawunan mutane zuwa gonaki, da wani siririn kuka mai gaɓa biyu. A shekara mai kyau adadinsu a nan na kaiwa dubu goma-goma. Hanyar ƙirga ita ce mutum ɗaya ya zaɓi alama guda a kan tudu, ya ƙirga abin da ya ƙetare ta kawai, goma-goma idan layin siriri ne, hamsin-hamsin idan ya yi kauri, yana faɗa na biyu na rubutawa. Idan kowa ya ce zai ƙirga komai, garke ɗaya zai shiga littafi sau uku.

Gaɓar nan yamma take fuskanta, abin da ba kasafai ake samu a gabashin Ingila ba, don haka rana na fitowa ta bayan mai kallo, haske ya faɗa kan tsuntsaye.

Ruwa ba ya zuwa da igiya. Rafukan cikin laka yake fara cikawa shiru, sannan ya malalo ya shimfiɗu, da saurin da ke ba baƙo mamaki. A gabansa akwai baƙin layi na tsuntsaye masu jan baki dogo kamar karas, masu fasa ƙumba, suna takawa a hankali kamar garken da makiyayi ke korowa. A bayansu kuma akwai abin da aka zo dominsa. Turawa na ce masa knot, masana na ce masa Calidris canutus. A nan za a kira shi ɗan toka, don da hunturu launinsa ke nan. Ya ɗan fi kurciya nauyi, wajen giram 140, gajeren ƙafa, gajeren baki. Ƙananan ƙumba yake haɗiyewa da ɓawonsu, ƙundunsa ya niƙe. Waɗanda ke cin hunturu a Wash daga Girinlan da tsibiran arewacin Kanada suke zuwa. 'Yan uwansu na Saberiya ba sa tsayawa a nan, wucewa suke har Banc d'Arguin a Muritaniya da tsibiran Bijagos na Gini Bisau. A watan Oktoban 2020 an ƙirga kimanin 140,000 a Snettisham, adadi mafi yawa da aka taɓa samu a wurin zuwa lokacin.

Yayin da lakar ke ƙanƙancewa, 'yan toka kan matsu a kusurwa ta ƙarshe har ƙasar ta zama kamar tana tafiya. Sai su ɗaga kamar hayaƙi. Idan suka juya baya garken ya yi duhu, idan suka juya ciki ya yi fari fat, duk a cikin ƙiftawa ɗaya. Idan garken ya dunƙule farat ɗaya ya tsage biyu, a ɗaga madubi sama da shi a nemi shaho, yawanci yana nan. Daga ƙarshe sai su kwararo ta saman tudu, ƙasa-ƙasa, har ana jin shuuu na fukafukai, su zube a gefen kududdufi kafaɗa da kafaɗa.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko, gudu zuwa ɗakin leƙe, wato ɗakin da ake ɓuya a ciki ana kallon tsuntsaye, tun da wuri don kama kujera. Mai yin haka yana zaune a cikin katako yayin da ake wasan a sama. A tsaya a waje har garken ya tsallako, sannan a shiga. Na biyu, tafiya da zarar ruwa ya cika. Bayan kamar awa ɗaya laka na sake fitowa, tsuntsayen su koma da yunwa, kuma a lokacin haske ya fi kyau, jama'a sun ragu.

Akwai kuma ranar da an yi komai daidai amma ruwa ya ƙi isowa. Jadawali hasashe ne na wata da rana, bai san yanayin ranar ba. Nauyin iska na danne teku: duk ƙarin maki ɗaya a ma'aunin nauyin iska na rage tsayin ruwa da kusan santimita ɗaya. Idan ma'aunin ya kai 1035 maimakon 1013 da aka saba, ruwa ya gaza da wajen santimita 20, kuma a fili mai laushin gangare irin wannan santimita 20 na barin laka mai faɗin da za ta ɗauke garken duka. Abin haushin shi ne irin wannan nauyin iska shi ke kawo safiya garau mai sanyi, wadda kowa ke fata. Iskar arewa kuma akasin haka take yi, tana turo ruwa cikin Wash. Idan ta yi tsanani abin ya wuce kallo: ambaliyar 5 ga Disamban 2013 ta farfasa ɗakunan leƙen Snettisham, ta daren 31 ga Janairun 1953 kuwa ta kashe mutum 307 a Ingila. Daren jajibiri a duba hasashen yanayi tare da jadawali, kada a dogara da ɗaya.

Ƙirga garken da ke zaune kuwa, a ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, a auna faɗinsu da ido a kai ɗari, a riƙa ɗora wannan ɗarin a kan garken har ƙarshe. Ido kan rage babban garke, musamman inda na gaba suka tare na baya. Mutum biyu su ƙirga kowa shi kaɗai kafin su faɗa wa juna. Idan ɗaya ya riga ya furta adadi, na biyu kan karkata gare shi ba da saninsa ba. A leƙa ƙafafu kuma. Ƙungiyar binciken tsuntsayen taɓo ta Wash, wadda Clive Minton ya kafa a 1959, na sa wa wasu ƙananan tutoci masu haruffa. A rubuta launi, haruffa, ƙafar dama ko hagu, sama da gwiwa ko ƙasa.

Tsakar rana

An koma mota wajen 10:15. Kada a tura madubi mai sanyi cikin mota mai hita a buɗe, zai yi gumi ya ɗauki minti 20 bai washe ba. A sa shi a jaka a rufe. Hunstanton na kan hanya, da dutsen gaɓarta mai zane ja da fari. Minti 15 sun isa a ga tsuntsayen teku masu miƙaƙƙun fukafukai da ke dawowa kan dutsen tun cikin hunturu.

A nan ne ake samun saɓani a cikin mota: wani zai ce a zarce Holkham, inda ake killace wani yanki a bakin rairayi saboda ƙananan tsuntsayen ƙasashen ƙanƙara, kuma a wajen akan ga balbela irin tamu, wadda ta fara hayayyafa a Birtaniya a 2008. Wurin ya cancanci zuwa, amma ba yau ba. Hasken ranar duka awa 8 ne da 'yan mintoci, an riga an ci biyu da rabi. Zuwa Holkham da dawowa, da neman wurin mota, da tafiyar ƙafa, zai lashe awa biyu a kan tsuntsayen da wata shekarar ba sa zuwa ma. Wuri biyu a natse ya fi huɗu a guje.

Titchwell na da banɗaki da shagon abinci. Daga nan hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, kimanin kilomita 1, ta bi gefen fadamar dogayen ciyayi, da tafkin ruwan daɗi, da na gishiri, ta ƙare a teku. Baƙo kan tsaya a tafkin farko ya ɓata awa ɗaya. A wuce shi tukuna. Dalili biyu ne. Ruwa na janyewa, zai kai ƙarshen janyewarsa wajen 2:30, kuma kowane minti agwagin teku na ƙara nisa. Sannan tafkunan suna gabas da hanyar, kafin azahar rana na cikin ido, tsuntsu duk ya zama baƙar inuwa. A tsakiyar Janairu rana a nan ba ta ɗagawa sama da digiri 16 ko da tsakar rana, alhali a Kano a ranar tana kaiwa wajen 57. Da yamma ta koma bayan mai kallo, launuka su fito.

A bakin teku a zauna a gindin tudun rairayi, a bi ruwan da madubi sannu a hankali daga hagu zuwa dama, a sake komawa, domin masu nutso kan yi rabin minti ko fiye a ƙarƙashi. Injinan iska masu samar da lantarki da ke cikin teku su ne alamar kwatance: a ce ƙarƙashin inji na uku daga dama, rabin tazara, yana tafiya hagu. Cewa ga shi can ba ta taɓa nuna wa kowa tsuntsu ba. A bakin kumfa akwai wani ɗan fari mai gudu kamar an ɗaura masa waya, yana bin igiya yana dawowa. Ba shi da yatsan baya. Irinsa daga Girinlan wasu na tsayawa a nan, wasu har gaɓar Gana. Kada a bi shi don hoto. Tsuntsun da aka tayar da hunturu yana ƙona kitsen da zai kwana da shi, shi ya sa ma dokar Birtaniya ke dakatar da harbin tsuntsayen ruwa idan ƙanƙara ta kai mako biyu a jere. Kada kuma a nufi tarkacen jirgin ruwan da ake hangowa ta wajen Brancaster. Ruwa kan zagayo ta baya ya datse hanya. Wanda ya ga wani ya maƙale ya kira 999 ya nemi masu gadin gaɓa. Mataccen tsuntsu ba a taɓa shi, saboda murar tsuntsaye.

Wajen 1:30 a dawo tafkuna. A cikin agwagi da ƙananan baƙaƙen dinyoyin Saberiya, a nemi wani mai ƙaramin kai da tulun ciki, namijin ya fi macen girma nesa ba kusa ba, Turawa na ce masa ruff. Kaɗan ne ke cin hunturu a nan. Yawancin danginsa suna Sahel a wannan watan, a fadamun kogin Neja a Mali, da Tafkin Chadi, da dausayin Hadejia da Nguru, inda ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a Janairun nan da ake yi a Norfolk.

La'asar zuwa magariba

Magariba na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 4. Tun 3:15 a tsaya a kan hanya daura da fadamar ciyayi, a sa duk rigar da ta rage a jaka, don sanyin yanzu ya fi na asuba cin jiki, an gaji. Shahunan fadama na shigowa ɗaiɗai daga gonaki, fukafukai a ɗage kamar bakin kwarya, su yi ta shawagi suna sauka suna tashi. A 1971 ma'aurata ɗaya tak suka rage a Birtaniya. Yanzu a maraice guda ana iya ganin gommai a nan. Ƙirgarsu na da tarko, domin wanda ya sauka kan sake tashi. Adadin da ake rubutawa shi ne mafi yawan da aka gani a sama lokaci ɗaya, a shara guda ta madubi. Farar mujiya kan fito farauta tun da sauran haske, a riƙa waiwayen bakin gonaki.

A masauki, kada a goge gilashin madubi a bushe. Gishiri da rairayi sun manne, gogewa karce ce. A hure, a share da tsumma mai ɗan ruwan daɗi, a bar murafe a buɗe ya kwana. A kwafe lissafin fensir a daren, a tura bayanan tutoci ga masu binciken. Wanda ke da kwana na biyu ya sake duba jadawali: gobe ruwa zai cika wajen ƙarfe 9, cikin cikakken haske, amma ƙasa da na yau, kuma jibi mai yiwuwa ba zai rufe kusurwar ƙarshe ba.